Kwana biyar a gidan saukar baƙi na wani ƙauye kusa da Borobudur

Na daɗe ina cewa zan rubuta yadda zamana ya kasance a gidan nan, sai yanzu Allah ya yi. Gida ne na wani dattijo da matarsa a wani ƙauye kusa da Borobudur, tsohon haikalin nan na mabiya addinin Buddha, a yankin Magelang, tsakiyar tsibirin Jawa a Indonesiya, irin wanda mutum zai ware ɗaki biyu ko uku a cikin gidansa yana saukar da baƙi. Ba zan kama sunan gidan ba don akwai inda zan yi ƙorafi, kuma mutanen nan sun min halacci.

Na sauka a sabon filin jirgin Yogyakarta da ke Kulon Progo, wanda aka buɗe a 2019. Mun yi da maigidan zai turo direba, to direban nan sai da ya shanya ni kusan awa biyu, ina kira yana cewa yana hanya, yana hanya, da ya iso kuma murmushi kawai yake ta yi yana sunkuyar da kai har na rasa ta inda zan fara faɗa. Wannan shi ne abu na farko da ya ɓata min rai, in za ka je gara ka kira mota ta manhajar Grab ko Gojek abinka ka huta.

Gidan kansa tsohon gini ne irin nasu na katako, limasan suke ce masa, da rufin jan tayil da baranda mai faɗi tana kallon gonar shinkafa. Rupiah 250,000 na biya duk dare har da karin kumallo, kuma gaskiya ya ci kuɗinsa. Ɗakin fes, zanin gado wankakke, akwai fanka da gidan sauro, ba esi, kuma ban ma neme ta ba don da asuba har bargo na ja. Sabis na waya yana kamawa a baranda, a cikin ɗaki kam sai ka ɗaga wayar sama kamar mai roƙon ruwa. Banɗaki kuma babu shaya, wani ɗan kwarmin siminti ne cike da ruwa da moɗar roba, kana ɗiba kana sheƙawa, kuma kar ka kuskura ka shiga cikin kwarmin ko ka tsoma sabulu, ruwan na kowa ne. Ruwan nan da safe sanyinsa har ƙashi. Sai a kwana na uku na gane ashe in ka yi magana uwargidan za ta dafa maka a buta, ba wanda ya gaya min.

Abincin ne ya saye ni, wallahi. Bu nake ce mata kamar yadda kowa ke kiranta, shi kuma maigidan Pak. Da safe shinkafa ce da dafaffen ganye an kwarara masa miyar gyaɗa mai yaji, pecel kenan, ga soyayyar awara a gefe ga tempe, wanda shi ma waken suya ne amma an bar shi ya kwana ya haɗe jikinsa kamar curi, a yanka a soya. Da yamma getuk, rogo ne dafaffe a kirɓa da sukarin kwakwa, da shayin citta mai zafi. Abu ɗaya dai, mutanen nan akwai son zaƙi, shayi in ba ka ce tawar ba, wato ba sukari, to sai an zabga masa sukari kamar za a yi alewa, har miya sai ka ji zaƙi-zaƙi. Rannan Pak ya kai ni cin mangut beong, kifin kogin Progo a romon kwakwa da barkono, na ci ina hawaye ina ƙarawa.

Barci kuwa, to, wanda bai iya tashin wuri ba ya nemi otal a gari. Wajen ƙarfe huɗu ake kiran asuba kuma kusan kowace unguwa da ɗan masallacinta da lasifikarta, kafin nan zakaru sun fara, kafin zakaru kuma akwai wata ƙatuwar tsaka da ke bayan rufi, tokek, tana kiran sunanta da kanta cikin dare kamar mai sallama. Daren farko na zabura na zauna na ɗauka mutum ne a taga. Ga masu sintiri su ma suna kewayawa suna buga wani ƙwaryar gora. Ni dai bai dame ni ba bayan daren farko, masallacin ma taku kaɗan ne, 'yan Shafi'iyya ne suna alƙunut kullum a asuba, daren Juma'a kuma aka ja ni wani gida karatun Yasin, aka sallame mu kowa da ɗan kwalin abinci a hannu.

Abin da ba za ka samu a otal ba shi ne fita gona da Pak. Na tarar ana dashe, mata sun jeru a cikin caɓi har ƙwauri, kowace da damin iri a hannun hagu, suna cusawa suna ja da baya da baya, layin kuma ya miƙe sambal don an ja igiya. Na ce bari in gwada, ko layi ɗaya ban gama ba bayana ya riƙe, matan suna ta dariya ɗaya ta biyo ni tana gyara duk wanda na dasa. Inda ruwa ke zuwa ta magudana sau biyu har uku suke noma a shekara, sai ka ga nan ana dashe can ana girbi, can kuma an koro agwagi cikin gonar da aka gama yanka suna tsince-tsince. Ƙasar baƙa ce wuluk saboda tokar Merapi, dutsen nan mai aman wuta da ake hangowa ta gabas in gari ya yi garau. Pak ya ce a aman 2010 toka ta rufe musu komai har haikalin Borobudur sai da aka rufe aka yi ta shara. Gonar da yake nomawa ma ba duka ce tasa ba, wani ɓangaren maro ne, wato ka noma ta wani ku raba amfanin biyu.

Nan ne ma maganar fili ta taso. Wani dillali da ke yawan zuwa shan kofi a baranda ya ga ina yaba wurin, washegari sai ga shi da hotuna a waya, wai ga fili kusa da tsaunukan Menoreh, arha, a sa sunan wani ɗan ƙasa a takarda ni kuma in riƙe yarjejeniya. Pak bai ce uffan ba sai da mutumin ya tafi, sannan ya ce min a hankali, Mas, wato ɗan'uwa, kar ka soma. Kuma gaskiyarsa, dokar ƙasa ta 1960 ta ce cikakkiyar mallaka, hak milik, ta ɗan Indonesiya ce kaɗai, baƙo sai dai haya ko hak pakai, wato izinin amfani da fili, na wani wa'adi in ya cika sharuɗɗa, dabarar aron suna kuma doka ba ta san da ita ba, filin ma zai iya komawa hannun gwamnati kuɗinka ya bi ruwa. Ban da haka wasu filayen ƙauye har yau ba su da satifiket sai tsohon rajistan ofishin dagaci, wasu kuma na ƙauyen ne gaba ɗaya, tanah bengkok, da ake ba shugabannin ƙauye su noma, ba na sayarwa ba ne. Abin da ban ji daɗi ba dai shi ne barin dillalin yana zama da baƙi tun farko.

Borobudur ɗin na je a keken da suka ara min, minti ashirin, in kana son hawa sama ka sayi tikiti tun da wuri don an ƙayyade adadi, kuma wani silifa na saƙa za su ba ka ka sa. Kasuwa kuma ka tambayi Bu kafin ka fita, wasu kasuwannin ƙauye da makonsu na kwana biyar suke ci, Legi, Pahing, Pon, Wage, Kliwon, ni na je ranar da ba ta ci ba na tarar da rumfuna wayam sai wata tsohuwa mai ayaba.

Tauraro huɗu cikin biyar na ba su, ɗayan direba da dillali suka cinye. Ka taho da tsabar kuɗi don ba sa karɓar kati, da kwafin fasfo ɗinka na kai wa mai unguwa, Pak RT, tunda baƙon da zai wuce kwana ɗaya sai an sanar da shi, da kuma rigar ruwa in tsakanin Nuwamba da Maris za ka je.