Mangalar keke ta Ortlieb a hanyoyin Maradi: ƙugiyarta na riƙo, amma sai kariya ta dace

Mai keken da ke ɗauko zogale daga Jiratawa, da ɗalibin da ke kai littattafai da kwamfuta jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, damuwarsu ɗaya ce in sun rataya jaka a gefen kariya, wato ƙarfen ɗora kaya na bayan keke: kada ta yi tsalle ta faɗi a gargada, kada gindinta ya shiga cikin sifok. Jakar da muka duba a nan ita ce Back-Roller Classic ta kamfanin Ortlieb na Jamus, wadda ake samu a kayan gwanjo ko a yi saƙonta wurin matafiyi. Guda biyu ce, dama da hagu, kamar mangalar jaki, kowace na cin lita 20. Ruwa da ƙurar hunturu ba sa shigarta in an naɗe bakinta sau 3 an ɗaure. Wannan ba abin jayayya ba ne. Abin da ya fi damun mu shi ne yadda take kama kariya.

A bayanta akwai ƙugiya biyu a sama, kan wani dogon layi na roba mai tauri, da ƙugiya ɗaya a ƙasa. Tsarin da ke kan sababbi sunansa QL2.1. In ka ɗaga jakar ta hannunta, bakin ƙugiyoyin sama ya buɗe. In ka ɗora ta kan ƙarfen kariya ka saki hannun, wani ɗan harshe ya zagayo ƙarƙashin ƙarfen ya kulle. A nan ta sha bamban da jakunkuna masu arha da ke da buɗaɗɗiyar ƙugiyar ƙarfe. Waccan nauyin kaya kaɗai ke danne ta, don haka da taya ta faɗa rami jaka ta yi sama, ƙugiya ta fita. Wannan kuwa ko an kife keken ba ta sauka sai an ja hannun.

Amma akwai sharaɗi, kuma a nan mafi yawan mutane ke yin kuskure. Bakin ƙugiyar an yi shi ne don ƙarfe mai zagaye da kaurinsa bai wuce milimita 16 ba. Ƙarfen kariyar yawancin kekuna bai kai haka ba, shi ya sa ake haɗo jakar da ƴan robobi da ake cusawa cikin ƙugiya don rage faɗinta, na milimita 8, 10 da 12. In babu robar da ta dace, ƙugiya na kulle amma tana kaɗawa. Kaɗawar nan ba ƙara kaɗai take jawowa ba. Yashin Maradi na shiga tsakanin ƙugiya da ƙarfe, ya riƙa gurzar wurin a kowace girgiza. Fenti ya fara tafiya, in kariyar ta alminiyam ce ƙarfen kansa ya zaizaye har ya sirance, wata rana ya karye daidai wurin. Jakar gwanjo sau da yawa tana zuwa ba robobin, ko da ɗaya babu ɗaya, don sukan zame su faɗi in sun tsufa. Kafin a biya kuɗi a leƙa cikin kowace ƙugiya.

Auna kaurin ƙarfen ba wuya. A ɗauki kile mai buɗaɗɗen baki, lamba 8, 10 ko 12, a zura a jikin ƙarfen. Wanda ya shiga daidai ba ya rawa, lambarsa ce kaurin. In robobin sun ɓace, a yanko tiyon ruwa tsawon ɗan yatsa, a tsaga shi ta tsawo, a rufa wa ƙarfen daidai inda ƙugiya za ta zauna, a naɗe da salatif na masu wayarin. Wannan ya fi naɗa salatif zalla, domin zafin watan Afrilu da Mayu na narkar da gam ɗinsa ya zame.

Ƙugiyar ƙasa ita ce aka fi rainawa, alhali ita ke hana jaka lilo. Tana juyawa ko'ina, ana kuma matsar da ita gaba ko baya ba tare da kayan aiki ba, da hannu ake sassauta ta a ɗaure. A saƙala ta bayan ƙafar kariya, ta yadda in an ja gindin jakar waje ba zai taso ba. Su kuma na sama a ware su iyakar yadda kariya ta bari, a sa ɗaya ta jingina da ƙarfen da ya gitta kariyar, don kada jaka ta zame gaba in an taka birki. A tsofaffin jakunkuna masu tsarin QL1 sai da alanki lamba 3 ake matsar da ƙugiyar, amma aikin ɗaya ne. Bayan an gama a hau keken a juya feda baya: tsakanin dunduniya da jaka a samu aƙalla faɗin yatsu biyu. In dunduniya na taɓawa, a mayar da ƙugiyoyin gaba a kan layinsu, jakar za ta koma baya.

Sai maganar kariyar kanta, wadda ita ce ke yanke hukunci a garin nan. Kekunan gwanjo na Turai yawanci kariyarsu mai zagaye ce, da ƙafafu biyu ko uku a kowane gefe, kuma akan buga nauyin da take ɗauka a jikinta, galibi kilo 25. A kan irin wannan jakar na zama lafiya. Baƙin keke irin su Phoenix, da kariyar da masu walda ke ƙerawa da faffaɗan ƙarfe ko mai kusurwa don ɗaukar buhu da jarka, labari ne daban. Harshen ƙugiyar ba ya iya zagaye faffaɗan ƙarfe, kuma ƙafa ɗaya tak a gefe ba ta tare jaka daga taya. Gyaran ba tsada: mai walda ya ƙara rodi mai santsi na milimita 10 a kowane gefe, ƙasa da saman kariyar da kamar faɗin yatsu uku, ya bar sarari a bayansa da ƙugiya za ta shiga, sannan ya ƙara wani rodin daga ƙarshen kariya zuwa gindin ƙafarta ya zama kusurwa uku. Ribar saukar da rodin ita ce saman kariya ya zauna fili, ana iya ɗaure kwali ko buhu a kai ba a taɓa jakunkunan ba. A goge tabon waldar da kyau kafin a shafa fenti, don kaifinsa na cin robar ƙugiya.

Notin da ke riƙe kariya da jikin keke ma na da nasa laifin. A kekunan Turai ƙanana ne, na milimita 5, kuma pave da jar hanya na kwance su a hankali. In ɗaya ya faɗi, ƙafar kariya ta karkata cikin sifok da kaya a kanta. A sa washa, a sa noti mai roba a ciki daga baya in akwai wuri, a ɓangaren sarƙa kuma a tabbata tsinin bai taɓa ƙaramar giya ba. A baƙin keke ƙafar kariya na zaune ne a kan sandar tsakiyar taya, kile 15 ke ɗaure ta. Duk lokacin da aka yi faci aka mayar da taya a sake duba ta. Haka ƴan notin da ke cikin jakar, masu riƙe layin ƙugiya, su ma a riƙa taɓa su duk wata.

Wa ya kamata ya saya? Mai ɗaukar takardu, kwamfuta, magani ko tufafi, wanda ke cire jaka ya shiga da ita ofis ko aji, zai ji daɗinta, don hannu ɗaya ke cire ta. Sauƙin cirewar kuwa ɓarawo ma na samun sa, saboda haka ba a barin ta kan keke a bakin Babbar Kasuwa. Kamfanin ya ƙayyade kilo 9 ga kowace jaka, kuma a raba nauyin daidai dama da hagu, mai nauyi a ƙasa. Mai ɗaukar hatsi daga Tibiri ko jarkar ruwa mai lita 25 ba tasa ba ce. Gara ya kai tamfol mai kauri wurin tela a ɗinka masa mangala mai haɗe da juna wadda ke hawa kan kariya, a sa falle na katako ko roba mai tauri a bangon da ke fuskantar taya, maɗauri huɗu a sama, ɗaya a gindin kowace jaka. Robar tsohon tiyub a bar ta ga kayan da ke saman kariya, kuma a soke bakinta da kyau kada ya sauko ya naɗe a taya.