Balad, Kurnish ko Tahliya: ina ya fi dacewa ka taka da ƙafa a Jidda?

Masu zuwa Umara da yawa suna samun wuni guda a Jidda kafin jirgi ya tashi, sai kaga an zauna a otal ana ta danna waya, ko kuma an haɗa kuɗi an ba wani direba ya zagaya da mutane gilashi a rufe, a dawo gida ana cewa an ga Jidda. Wlh ba a ganta ba. Amma kuma kar wani yace zai fito kawai ya kama tafiya, Jidda garin mota ne, titunan manya ne, akwai inda tsallaka titi kaɗai zai sa ka yi kalmar shahada. Wuraren da ake takawa da daɗi ba su da yawa, kuma kowanne da irin kuɗin da zai ci maka.

Ni dai ba zan ɓoye ba, Balad ce tawa. Ita ce tsohuwar Jidda, tun zamanin Sayyadina Usman aka mayar da garin tashar jirgin ruwan Makka, wato ta nan alhazan da suka tsallako Bahar Maliya suke sauka, har da kakanninmu da suka biyo ta Sudan. Da ganuwa ce ta zagaye ta, a 1947 aka rushe, amma sunayen ƙofofin suna nan, Bab Makka, Bab Sharif, Bab Jadid. A 2014 UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya. Shiga unguwar kyauta ne, ku riƙe wannan da kyau domin zan dawo kansa.

Abinda zai fara kama maka ido gidajen ne, hawa uku hawa huɗu har fiye, an gina su da dutsen murjani da ake haƙowa daga bakin teku, an jera katako tsakanin ginin don ya riƙe nauyi, sannan ga tagogin nan na katako masu turowa waje da ake kira rawashin, wasu kore wasu shuɗi wasu kalar katakon kawai, iska tana shiga mutanen gida suna ganin waje na waje baya ganin su. In kana son zane to ga zane nan, sassaƙar da ke jikin ƙofa ɗaya ta ishe ka tsayuwar minti goma. Lungunan kuwa kaman ka shiga cikin Kurmi, kana juyawa ka ɓata kana sake juyawa ka fito inda ka sani, kuma saboda gidajen dogaye ne inuwa bata yankewa. Unguwanni huɗu ne a ciki, Sham, Mazlum, Yaman da Bahar. Ka bi ta kasuwar Suƙ Alawi a hankali zai kai ka Gidan Nasif, wanda aka gama a 1881, nan Sarki Abdul'aziz ya sauka lokacin da ya shigo Jidda a 1925, ana cewa matakalar gidan an yi ta da faɗi ne har raƙumi yana hawa da kaya. A ƙofar gidan akwai wata tsohuwar bishiya da mutanen garin ke ji da ita sosai, wai a da ita kaɗai ce bishiya a Jidda, in ka matsa kusa zaka ga ashe darbejiya ce, irin wadda awaki ke kwanciya ƙarƙashinta a ƙofar gidanku. Masallacin Shafi'i yana Mazlum, ka daidaita tafiyarka magariba ta same ka a can. Wasu gidajen ana kan gyara an kewaye su, wasu an mayar da su wurin shan gahawa ko ɗakin nuna zane, a wasu lungunan zaka tarar da masu rubutun Larabci na ado da masu sassaƙa suna aiki kana kallo.

Lokaci fa shi ne komai. Da rana tsaka kar ka soma, shaguna a rufe ga zafi mai danshi da zai jiƙa maka riga sharkaf, bayan la'asar zuwa dare ne garin ke farkawa, ranar Juma'a da safe kuma babu kowa. Disamba zuwa Fabrairu sun fi sauƙi. In azumi ne bayan tarawi, masu balila, wato wani irin dafaffen wake, da masu soya hanta suna ta waƙe-waƙen tallansu, wannan kam ba a ba da labari.

Na biyu Kurnish, bakin teku. Bana kushe shi, in da yara ko tsofaffi ma shi zan ce ku je, hanya shimfiɗaɗɗiya, wurin zama, wurin wasan yara, banɗaki, musamman sabon ɓangaren da aka buɗe a 2017. Ta wajen unguwar Hamra akwai filin da aka tara kayan sassaƙa na manyan masu fasahar duniya irin su Henry Moore da Joan Miró da Alexander Calder, a fili suke ba tikiti. Asalinsu daga zamanin magajin gari Muhammad Sa'id Farsi ne, wanda ya cika Jidda da irin waɗannan abubuwa a shekarun 1970 da 1980. Daga nan kuma kana hango ruwan nan mai tsiri sama na Sarki Fahad, ana cewa ya haura mita 300, da dare yafi kyau in an haska shi. Matsalar Kurnish tsawo ne, abu ɗaya yana nan ɗayan yana can nesa, taswira zata nuna maka kaman kusa ne, ƙarshe sai ka kira mota sau biyu ko uku, ga abin sha da tsada. Kyautar ta koma kuɗi kenan.

Tahliya? Titi ne na shagunan masu kuɗi da gilashi, in ba jaka zaki saya ba Hajiya ki bar shi. Lambun Amir Majid yana da kyau amma lambu ne kawai, bai kai ka kashe wuninka ɗaya tilo akansa ba. Katon keken da aka kafa don ado da sauran abubuwan da ke kan shataletale kuwa ta tagar mota ake kallonsu, kar ka ce zaka taka.

To yanzu maganar da tafi damuna, ni duk wurin da zan auna yanzu tambayata ta farko ita ce mutum nawa ne zasu tare ni kafin in kai inda zani. A nan ne Balad ɗin tawa take da rauni. Akwai masu tsayawa wajen inda motoci ke sauke mutane, suna jin kuna Hausa sai ɗaya ya matso da sallama, Alhaji sannu da zuwa daga Kano ne ko Sakkwato, kafin ka ankara ya zama ɗan jagora. Wani ya taɓa karɓar mana kuɗin shiga ni da baƙina, ya shigar da mu ta wani lungu ya ce mu jira zai kawo tikiti, har yau yana kawowa. Babu kuɗin shiga unguwar, wasu gidajen tarihi ne kawai ke da tikiti kuma a ƙofarsu ake biya. Ɗan jagora na gaskiya yana da lasisi daga ma'aikatar yawon buɗe ido, ka ce ya nuna, in ya fara Haba Alhaji tsakaninmu, ka yi gaba.

Sai 'yan ziyarar ƙarya. Za a ce a kawo kuɗi a kai ku kabarin Nana Hauwa'u, eh akwai maƙabarta mai wannan suna kusa da Balad, amma malamai basu tabbatar tana ciki ba kuma bango kawai zaka gani. Haka masallacin Rahma na kan ruwa a Kurnish, a 1985 aka gina shi, mai kyau ne ka yi sallah, amma duk wanda yace maka yana da wata falala ta musamman kuɗinka yake so.

Kasuwa kuma ita ce babbar matsalar. Itacen ud na bogi ya yi yawa, icce ne aka rina aka shafa masa turare, wani har nauyi ake ƙara masa don sikeli. Kar ka yarda da shinshinawa, ka ce a ɗora ɗan gutsure akan gawayi ka tsaya, na gaske yana tsatso mai kuma ƙamshin baya juyawa, na bogi minti kaɗan zai koma warin ƙonannen icce yana yaji a ido, kuma gutsuren kai zaka zaɓa daga cikin wanda za a auna maka ba wanda ya ciro daga aljihun tebur ba. Zamzam a jarka a gefen titi kar ka taɓa, na hukuma lita 5 ne a rufe cikin kwali ana samu a filin jirgi. Dabinon ajwa mai arha sosai ba ajwa bane. Hajiyoyi masu gwal, ku tambayi farashin giram na ranar daban, kuɗin aiki daban, a auna a gabanku, a rubuta karat 18 ne ko 21 a jikin fatura, wato rasit, shagon da ya ce ba fatura zai rage miki ki fita kawai.

Hoto ma a kula, dokar da aka fitar a 2019 ta hana ɗaukar mutane ba da izininsu ba kuma akwai tara, gini kam ka ɗauka son ranka. Fasfo ko iƙama su kasance a jikinka, takalmi mai taushi ba sabo ba domin ƙasan Balad ba daidai yake ba. Mota kuma ka kira ta Uber ko Careem kaga kuɗin tun kafin ka shiga, in dole sai tasin kan titi to ku gama ciniki ƙofa a buɗe, ka kuma tambaya kuɗin na mota ne gaba ɗaya ko na kowane mutum, a wajen sauka ne wannan rigimar take tashi.