Shekara biyu da tsohon Bridgeport mai kan J

Ranar da aka sauke injin nan a wurin aikina, sai da muka sa bututan ƙarfe a ƙarƙashinsa muna mirginawa a hankali, domin nauyinsa ya kusa tan guda. Tsohon injin sassaƙar ƙarfe ne ƙirar Bridgeport, mai tebur inci 9 da 42, fentinsa duk ya koɗe. Yau shekara biyu ke nan ina aiki da shi kusan kullum, kuma abin da na fahimta shi ne, wanda zai sayi irinsa, kan injin, wato sashen sama mai ɗauke da moto da wuƙar yanka, shi ya kamata ya fara dubawa, domin a nan darajarsa take.

Tarihin kamfanin ma haka ya nuna. Rudolph Bannow da Magnus Wahlstrom, 'yan asalin Suwidin da suka zauna a garin Bridgeport na jihar Connecticut a Amurka, da kawuna suka fara, waɗanda ake ɗaurawa a injinan wasu kamfanoni. Sai a 1938 suka fitar da cikakken injin nasu. Wato kai ya riga gangar jiki zuwa duniya.

Nawa kan J ne, mai bel da fuli hawa huɗu. Idan aka haɗa da giyar baya, wadda ke rage gudu, gudu takwas yake bayarwa, daga juyi 80 zuwa 2720 a minti kamar yadda yake rubuce a farantinsa. Sauya gudu sai ka tsayar da moto, ka sassauta, ka matsar da bel da hannu. Akwai masu ganin wannan ɓata lokaci ne, sun fi son kan 2J da ake murɗa masa gudu yana cikin tafiya. Ni dai na fi son na bel. Kayan cikinsa kaɗan ne, in ya yi wani ƙara na san inda zan duba. Bakinsa, inda ake ɗaura wuƙa, ƙirar R8 ne, kuma har gobe ana ƙera kayan da ke shigarsa, ba kamar tsohon kan M ba, wanda ƙarami ne kuma neman kayansa sai an sha wuya.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda kan yake karkata. Yana kwanciya dama ko hagu, yana kuma sunkuyawa gaba ko baya har digiri 45. Na taɓa huda ramuka a karkace a jikin wani murfin famfo ba tare da na motsa aikin daga inda na matse shi ba. Sai dai kowace karkatawa da bashinta. In ka gama, dole ka mayar da kan ya tsaya cak a kan tebur. Agogon awo nake ɗaurawa a bakin, in juya shi da hannu yana shafar tebur, ina kallon allura: gaba, baya, dama, hagu. Ka ɗaure noti ɗaya da ƙarfi, allura ta gudu, ka sake daga farko. Da farko ina cin rabin sa'a a kai, yanzu minti goma ya ishe ni. Wanda ya yi kasala a nan zai ga fuskar aikinsa ta fito da tsani-tsani, ramukansa kuma sun karkace.

A bayan dogon wuyan da kan ke rataye akwai wurin ɗaura kai na biyu. Nawa ya zo da kan E, wanda ba ya juyawa, sai dai ya riƙa sara sama da ƙasa. Da shi nake yanka gurbin makulli a cikin fuli ko giya. Juya wuyan kawai nake yi, bayansa ya dawo gaba. Ba kullum nake bukatarsa ba, amma ranar da aikinsa ya zo, babu mai maye gurbinsa.

Matsalar da na tarar ba ta ƙira ba ce, ta riƙo ce. Wanda ya riƙe shi kafin ni giris ya riƙa ɗura wa ramukan da aka yi domin mai, saboda sun yi kama da na giris. Ya daskare ya toshe hanyoyin, tebur yana tafiya a bushe. Kwana uku na yi ina warwarewa da wankewa da kananzir. Tsakiyar hanyar tebur ta riga ta ɗan cinye, shi ya sa in na matse ta daidai a tsakiya, sai ta yi tauri a ƙarshe. Lakon da ke hannun murɗawa kuwa na rage shi da gyaran notin tagulla na ciki.

Motonsa na wuta layi uku ne, don haka na sa masa inbata mai ba shi irin wannan wutar. Ba injin cin ƙarfe da yawa a lokaci guda ba ne. In ka zurfafa yanka sai ya fara rawa yana kuka. Abu ɗaya da ya kamata sabon hannu ya riƙe: in ka shiga giyar baya, bakin yana juyawa ta ɗaya gefen, sai ka sauya makunni kafin wuƙa ta taɓa aiki.