Fitilar shago ko mod, wanne ya fi a Euro Truck?

Salamu alaikum jama'a. Ɗan'uwanmu na Marwa ya yi tambaya jiya, wai in dare ya yi masa a Euro Truck Simulator 2, wasan tuƙin kamiyo na kwamfuta, ba ya ganin hanya, har sau biyu yana hawa ƙarfen gefen titi, shin ya sayi ƙarin fitilu a shagon cikin wasan ne ko ya sauke mod, wato ɗan fayil da ake ɗora wa wasan don canza wani abu a cikinsa. Na ga an ba shi amsa a gajarce kowa na cewa "sa mod kawai", to ni dai na gwada duka biyun a kwamfutata nan Garwa, bari in faɗi abin da na gani.

Kafin komai ɗan'uwa ka duba ko matsalar ma ba ta fitila ba ce. Maɓallin L a kibod ne ke kunna fitila, danna farko ƙananan fitilun gefe ne kawai, sai ka sake dannawa kod, wato fitilar gaba mai gajeren zango, ya zo, K kuma shi ne babban far mai dogon zango. Mutane da yawa danna ɗaya suke yi su kama hanya. Sannan in an ɗauke kurang kana kan batir, laftof da kanta take rage hasken allo, ni na yi kwana uku ina zagin Volvo ɗina ashe allona ne ya dushe.

To mu zo kan shago. Wannan ita ce hanyar da masu wasan, wato SCS Software na birnin Prag, suka tanada. Ka shiga garejin gyara, ka sa ƙarfen gaba ko na saman kai, sai ka jera fitilu a gurabensu ɗaya bayan ɗaya, kamar dai yadda direbobin kamiyo masu ɗauko kaya daga Ngaundere zuwa Kusseri suke cika goshin motarsu da fitilu. Amma inda ake faɗuwa shi ne bayan ka biya kuɗi ka fito fitilun ba za su kama da kansu ba, sai ka danna F4 ka kunna na gaba da na sama a can. Wallahi na san wanda ya sayi fitila shida yana yawo da su a kashe yana cewa an cuce shi. Kyawun wannan hanya ba ta lalacewa, ko wasan ya sabunta sau goma fitilunka na nan, ba ka sauke komai ba balle megarka ta tafi. Aibinta biyu ne: sai motar taka ce ta kanka, in har yanzu aikin haya kake yi da motar kamfani ba ka da ikon taɓa ko kusa ɗaya, kuma wasu kayan ba sa buɗewa sai matakinka ya hau, ga kuɗin wasan da za ka kashe alhali bashin banki na kanka.

Mod kuwa wani abu ne daban, shi ba ƙara maka fitila yake ba, ainihin hasken yake canzawa, nisansa da faɗinsa da launinsa, ko fari tas irin na LED ko rawaya-rawaya irin na tsohon kwan fitila. Kowace mota tana da ɗan fayil na .sii da aka rubuta waɗannan lambobi a ciki, mai mod ya canza su ya naɗe a fayil na .scs, kai kuma ka jefa a Documents, Euro Truck Simulator 2, cikin foldar mod, ka kunna a Mod Manager. In wasanka na Steam ne, wato shagon wasanni na intanet, ma ta Workshop, sashensa na mod, danna ɗaya ne, kuma yana sabunta kansa. Tunda lambobin motar ya taɓa, har motar haya ma tana samun hasken muddin mod ɗin ya ƙunshi irinta, wannan kam shago ba zai ba ka ba. Kyauta ne, kuma na fitila ba shi da nauyi irin na taswira.

Sai dai fa a nan ne ciwon kai yake. Wasan nan tun 2012 ya fito, kuma a 2021 da suka saki 1.40 sun sake tsarin haske gaba ɗaya, saboda haka mod ɗin fitila da aka yi kafin nan in ka ɗora shi a sabon wasa ko dai hanya ta yi fari fat kamar an watsa gari, ko hasken ya ɓace, ko wasan ya rufe kansa kana tsakiyar kai kaya. Mu kuma nan yawancinmu a kile USB aka zuba mana wasan, wani na 1.36 wani na 1.45, kowa da nasa, sai a tura fayil ɗaya a guruf kowa ya sa, wanda ya yi wa aiki ya yaba wanda bai yi wa ba ya ce ƙarya ne. Ka duba lambar wasanka tukuna, ka nemi mod mai wannan lambar. In kana da wani mod na yanayi ko na zane shi ma yana iya taɓa haske, to ka ɗaga na fitilar sama da shi a jeri, na sama shi ke rinjaye. In wasan ya rufe, buɗe game.log.txt a wannan foldar ta Documents ka leƙa layukan ƙarshe, galibi a nan za ka ga alamar fayil ɗin da ya jawo. Kuma in kuna Convoy, wato tuƙi tare ta intanet, da abokai, galibi mod ɗinku sai ya zo ɗaya kafin ka iya shiga.

Wani abu kuma da ba a faɗa, mod mai haske da yawa yana kashe daɗin dare. Na taɓa sa wani da ke haska kusan har ƙarshen gani, allunan hanya suka koma fari ba na iya karanta sunan gari, cikin ruwan sama kuwa abin ya fi muni. Kwana biyu na cire shi. Wanda ya taɓa bin hanyar Garwa zuwa Ngaundere da dare wani ya watsa masa far a ido wajen hawan dutsen nan ya san abin da nake nufi.

Don haka ɗan'uwa in kana da motarka, fara da shago, fitila huɗu a sama da F4 sun ishe ka ganin kwana tun daga nesa. In kuwa har yanzu haya kake, ko launin hasken ne bai maka ba, sa mod guda ɗaya tak mai daidai da lambar wasanka, kuma ka kwafi foldar profiles ka ajiye gefe kafin ka kunna shi. Turo mana lambar wasan naka da irin motar da kake ja, sai mu ga wanda zai dace.