Shafin farko: mai hotuna masu juyawa ko mai hoto ɗaya?

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin tambaya wane irin shafin farko ya fi dacewa da shafin intanet na kasuwancinki, mai hotuna masu juyawa ko mai hoto ɗaya. Ki ɗauki mai hoto ɗaya. Duka biyun na gwada su a kasuwancina na atamfa da leshi.

Mai hotunan da ke juyawa shi na fara biya wa kuɗi, har da bidiyo a sama. A kwamfutar wanda ya haɗa min ya yi kyau, ban musa ba, amma iyakar alherinsa ke nan. A waya, da zarar sabis ya yi rauni sai fari fat, data na ta tafiya. Binciken da Google ya fitar a 2016 ya nuna kashi 53 cikin 100 na masu shiga da waya suna ficewa idan shafi ya wuce daƙiƙa 3 bai buɗe ba, kuma masu sayen kayanmu kusan duk da waya suke shigowa.

Wanda nake da shi yanzu ba shi da kwalliya. Hoto ɗaya na kayan da ke shago da gaske, ba na intanet ba. A ƙasansa layi ɗaya: abin da muke sayarwa, garin da muke, da cewa muna aikawa ko'ina. Sai koren maɓallin WhatsApp, sannan kaya kaɗan da farashinsu a rubuce. Ban manta wata baiwar Allah daga Yola da ke haɗa lefen ƙaninta ba. Bayan isha ta danna maɓallin, ta ce farashin da ta gani a fili ne ya sa hankalinta ya kwanta. Washegari muka sa kayan a mota, kuma har yau ita ke turo min ƙawayenta. Don Allah kada ki rubuta "a tuntuɓe mu don jin farashi", mutane na jin nauyin tambaya.

Wani abu kuma da ba ki tambaya ba. Akwai masu haɗa shafi da ke rajistar sunan shafin, wato adireshinsa na intanet, da sunansu, in shekara ta zagayo lokacin sabuntawa su tsuga miki kuɗi ko su rufe. An yi min, sai da na sake sabon suna. Ko .com ne ko .com.ng, a yi rajista da imel ɗinki, kalmar sirri a hannunki. Kafin ki cika kuɗin aiki, ki kashe wayi-fai, ki buɗe shafin da datar wayarki ki gani da idonki.