Jika 35 na biya aka rubuta wa hotunan kayanmu bayani: abin da na gani bayan wata uku

Mahaifina baduku ne a nan Tawa. Ban gaji hannunsa ba, kasuwar na gada: shi da yaransa ke yanka da ɗinki, ni ke neman mai saye. Shekara biyu ke nan da aka buɗe mana ɗan shafi a kan WordPress, manhajar gina shafukan intanet, muka zuba hotunan takalma, alabe, jakunkunan mata, tumtum da kuben wuƙa, hoto 140 da ƴan kai. Amma in ka shiga sashen hotuna na Google ka rubuta sunan kayan, da Faransanci ko da Hausa, sai yatsanka ya gaji da ja ba ka ga namu ba. Kayan Agadas da na Maroko ne ke cika fuskar wayar.

Da na kai kaya Yamai, a ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata, wani abokin ciniki ya haɗa ni da wani matashi mai irin wannan aikin. Ya karɓi wayata, ya buɗe shafin, ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, “Yaya, hotunanka bebaye ne.” Ya nuna mini sunan wani hoto, IMG_2034, da gidan da aka rubuta Texte alternatif a gefensa, wato inda ake rubuta bayanin abin da ke cikin hoto, fayau ba ko harafi. Ya ce na'urar Google na iya gane cewa wannan takalmi ne, amma ba ta da hanyar sanin fatar akuya ce, a Tawa aka ɗinka, sai an gaya mata. Muka yi tsada a kan jika 35, kwana goma, aiki uku: ya sake wa hotuna suna, ya cika wancan gidan, ya kuma sa rubutun da ke fitowa in mutum ya ɗora linzamin kwamfuta a kan hoto.

Na sunaye ba ni da ta cewa. Ya sauke hotunan, ya rage musu nauyi, ya sake ɗora su da sunaye irin su alabe-cuir-rouge-tahoua. Shafin ya fi saurin buɗewa, wanda duk mai sayen mega da kuɗinsa ya san darajar haka.

Rubutun linzamin ne na yi da-na-sani a kansa, kuma shi ya fi burge ni ranar da ya nuna mini. A ordinatarsa, yana kai kibiyar kan hoto sai ɗan akwati ya ɓullo da sunan kaya da kuɗinsa, abin gwanin kyau. Na dawo gida ina ta danna hotunan a wayata, shiru. Ashe abin ba ya fitowa a waya, tunda waya ba ta da linzami, yatsa ne. To wa ke shiga shafinmu da kwamfuta? Ƴan uwanmu Adarawa da ke Abijan, matan Yamai masu neman jakar biki, ƴan kasuwar Konni da na tsallaken iyaka, duk a waya suke. Da na kira shi, ya amsa cewa gaskiya ne, kuma ko a wajen Google ba wannan rubutun ke da nauyi ba, na gidan Texte alternatif ne. Na ji daɗin da bai yi gardama ba. Da ya faɗa mini haka tun kafin mu yi tsada, da na fi jin daɗi. Ga wata wahalar kuma: ya sa farashi a ciki, da fata ta yi tsada muka ƙara kuɗi, sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya ina gogewa.

Bayanin hoton kuwa, nan ne labarin yake. Zubin farko da ya aiko bai yi ba ko kaɗan. Wata manhaja ya sa ta duba hotunan ta rubuta da kanta, shi kuma ya bi ya liƙa wa kowanne jela guda: artisanat Niger cuir Tahoua pas cher sac sandale. Tumtum ma an ce masa sandale, wato takalmi. Da dare na zauna kusa da Baba a zaure, yana goge wata jar fata, ina karanta masa ina fassarawa. Na zo kan alaben da ya kwashe mako guda yana yi, mai aljihu uku da tuntaye a ƙasa, na ce manhaja ta ce “ƙaramar jaka ruwan ƙasa a kan tebur”. Ya ajiye fatar, ya miƙo hannu na ba shi wayar, ya nisanta ta da idonsa ya duba. Ya ce, “Wannan ai ba tebur ba ne, turmin uwarka ne ka kife. Kuma wanda bai san alabe ba, me ya kai shi yi masa suna?”

Washegari na kira matashin, muka sake tsari. Ni zan riƙa aika masa saƙon murya a WhatsApp kan kowane hoto, abin da Baba ya faɗa, shi kuma ya mai da shi jimla guda gajera da Faransanci, ya bar sunan kayan na Hausa yadda yake. Alaben nan ya koma: alabe na jar fatar akuya, mai aljihu uku da tuntaye, ɗinkin hannu na Tawa. Jelar nan duk ya cire ta, ya ma ce cusa kalmomi iri ɗaya a ko'ina na iya sa Google ya ɗauki shafi a matsayin na bogi. Na ce, to kai da ka san haka? Ya yi dariya ya ce sauri ne. Kwana goma ya zama kwana 24, amma bai nemi ƙarin ko dala ba, wannan kam na yaba masa.

Wajen zaɓen harshe mun ɗan ja. Ni Hausa zalla na so, shi ya ce masu nema daga Abijan da Faransa da Faransanci suke rubutawa. Da na duba rahoton Search Console, wurin da Google ke nuna wa mai shafi kalmomin da ake nemansa da su, wanda ya koya mini buɗewa, inda ake iya ware binciken hotuna daban da sauran, na ga yana da gaskiya: yawancin kalmomin da ke kawo mutane na Faransanci ne. Sai dai kalmar alabe ma tana nan cikin jerin, kuma su masu rubuta ta sun san abin da suke nema.

Kada wani ya zaci abin kamar kunna fitila ne. Makonnin farko ban ga komi ba, har na fara ƙirga jikunan nan cikin asara. Sai a wata na biyu hotunanmu suka fara leƙowa, ba a sahun farko ba, amma ba sai yatsa ya gaji ba. Zuwa yau mutum huɗu sun kira suna cewa a Google suka ga hoto, biyu sun saya. Ɗaya wata mata ce a Yamai da ta ɗauki tumtum shida, kuɗin aikin ya fita a nan.

Akwai amfani biyu da ban biya dominsu ba na same su. Ranar da rezo ya yi rauni, kamar yadda yakan yi mana in an ɗauke wuta, hoto ya ƙi buɗewa, sai na ga jimlar ta fito a gurbinsa, mai saye ya san abin da ke wurin ko bai gani ba. Na biyun, akwai wani ɗan ajinmu da ciwon ido ya makantar, yana aiki da TalkBack, muryar da ke karanta wa mai Android abin da ke kan fuskar waya. Na roƙe shi ya gwada. Ya ɗora yatsa, muryar ta karanto masa alaben da Faransancinta, ta murɗe sunan har muka yi dariya, amma ya ce, “Mai aljihu uku? Irin na kakana ke nan.” Da can, in ji shi, in ya shiga irin waɗannan shafuna, abin da yake ji kawai “image, image”, ko ta yi ta jero masa lambobi.

In ana ba da maki, shida cikin goma zan ba aikin yadda aka sayar mini da shi, takwas yadda ya ƙare. Wanda zai ba da irin wannan aiki, ya cire rubutun linzami daga cikin tsada, ya kuma nemi a nuna masa bayanin hoto biyar kafin ya biya rabin kuɗi. Sabbin takalman sallah da muka ɗauka a makon jiya, hoto 18, ni na cika musu gidan da kaina, Baba na faɗa ina rubutawa. Har yanzu muna gardama a kan guda: ni na rubuta ja, shi ya ce launin karan dafi ne.