Sharhi kan Call Library Function Node na LabVIEW wajen sarrafa faifan ajiya kai tsaye

LabVIEW, manhajar da kamfanin National Instruments ya fara fitarwa a 1986, ta samu karɓuwa a ɗakunan gwaje-gwaje saboda da zane ake gina shiri a cikinta, ana haɗa akwatuna da wayoyi a maimakon rubuta layukan umarni. Kayan fayil da ta zo da su sun wadatar ga aikin yau da kullum, amma duk mai son karanta sektocin faifai (ƙananan sassan da aka raba faifan ajiya zuwa gare su) ɗaya bayan ɗaya, ko ya ciro bayanan SMART domin duba lafiyar faifan, tilas ne ya bi ta laburaren Windows, wato fayilolin DLL masu ɗauke da ayyukan da shiri zai iya kira, kuma hanyar zuwa can ita ce Call Library Function Node, akwatin LabVIEW da ke kiran irin waɗannan ayyuka.

Idan kiran mai sauƙi ne, akwatin ya cancanci yabo. Buɗe faifai da CreateFile na kernel32.dll ba ya cin lokaci, muddin an zaɓi tsarin kira na stdcall, an kuma kunna LabVIEW da izinin mai kula da kwamfutar. ReadFile ma yana tafiya daidai matuƙar adadin baitin da aka nema ya kasance ninkin girman sekta, wato 512 ko 4096.

A wajen DeviceIoControl, aikin Windows da ke aika wa na'ura umarni kai tsaye, a nan ne aikin yake yin tsauri, musamman idan za a tura wa faifan umarnin SCSI, wata ƙa'idar magana da na'urorin ajiya. Tsarin bayanan da Windows ke jira yana ɗauke da manunin adireshi a cikinsa, don haka sai an keɓe wuri a ƙwaƙwalwa da DSNewPtr, a kwashe bayanai da MoveBlock (duka biyun ayyukan LabVIEW ne na sarrafa ƙwaƙwalwa), sannan a tuna a saki wurin. Haka kuma LabVIEW mai bit 32 tana jera bayananta a manne, alhali harshen C, wanda Windows ke bin tsarinsa, yana barin giɓi a tsakani, wanda ke nufin sai an cike giɓin da hannu. Kuskuren baiti biyu ya isa ya jawo lambar kuskure 1097, ko ya rufe manhajar ɗungurungum, kuma idan rubutu ake yi, yana iya lalata teburin rabon faifan. Ko GetLastError, aikin da ke faɗin kuskuren ƙarshe da ya faru, ba abin dogaro ba ne a nan, domin LabVIEW na iya yin wani kiran nata kafin a karɓi amsar.

Import Shared Library Wizard, kayan LabVIEW da ke shirya irin waɗannan akwatunan kira da kansa, yana taimakawa da ƙananan laburare, amma bai cika iya warware sarƙaƙƙun fayilolin Windows ba.

A ganina, ya fi kyau a rubuta ƙaramin DLL da harshen C wanda zai ɗauke duk wannan nauyi, ya bar wa LabVIEW lambar faifai da sektar farawa da jerin baiti kawai. Wajibi ne bit ɗinsa, 32 ko 64, ya dace da na LabVIEW ɗin, kuma sai an tabbatar yana jure kira daga zare da yawa, wato layukan aiki da ke gudana a lokaci guda, kafin a cire shi daga zaren fuskar manhaja, inda dogon karatu ke daskarar da allon mai aiki har ta ƙare.